Kowane Fari da Abokinsa

Kawu Jatau ya shekara goma sha tara
yana kuku a gidan saukar baƙi, can bayan Ƙofar Ƙaura,
tun Turawan auduga na zuwa Katsina.
Ya ce in sun zauna cin kifi
farar giya ake kawo musu, mai sanyi, kwalba na gumi,
in nama ne kuma sai ja.
"Ban taɓa kai ta baki ba, Allah ne shaida,
warinta ma ya ishe ni.
Abu guda na ɗauko daga teburinsu:
abin sha ma abota gare shi,
ba da kowa yake zama ba."

Da wannan ya addabi gidanmu a Rafindadi.

Koko na ƙosai ne, ko yaye ya sani,
amma sai wanda gasararsa ta kwana,
tsamin ne ke yanke maiƙo.
Kunun gyaɗa, a ɗiga lemon tsami,
a aje shi gefen waina tana tururi,
kada kowa ya yi magana sai kwano ya bushe.
Kunun aya kuwa na tsiren Ɗan'azumi ne,
wanda ke hura wuta a bakin 'Yar Kutungu:
in yaji ya hau harshe yana tsalle
shi ke dafa kafaɗarsa, ya ce zauna.

"Kindirmo dattijo ne, ba ya son hayaniya,
ba shi dambu, ku tashi ku bar su su gana.
Tsala bakinta da kaifi,
hura kaɗai ke da haƙurin zama da ita."

Wata rana na tsokane shi:
Kawu, ga kifin Ajiwa an soya,
ba ka ce da fari ake cin sa ba? To ga nono.
Ya dube ni kamar na taka masa buzu da takalmi.
"Kifi da nono? So kake fatarka ta yi dabbare-dabbare?
Farinsu daban, namu daban.
Kifi a ruwa aka haife shi,
ɗebo na randa, ka mai da shi gida."

Inna Hakama takan amsa daga madafa,
"Mutum da haƙori shida, sai tsirfa.
Ka ci abin da ka samu, malam, hatsi ya yi tsada."
Shi kuwa sai ya ɗaga ludayi, ya shinshina,
ya ce an cika kanumfari.

Bara ƙafa ta hana shi masallaci.
Bana ta hana shi zaure.

Ran Laraba na taso aiki a gajiye,
na sami ƙosai, koko ya ƙare,
sai kunun aya a gorar roba, da ƙanƙara a ciki.
Na ce bari in kai masa haka in sha faɗa,
har amsa na tanada a hanya,
ina dariya ni kaɗai a kan babur.

Ya gutsuri ƙosai. Ya kurɓa.
Na jira.
Ya sake kurɓa, ya share gemu da bayan hannu,
ya ce, "Madalla. Ya yi daɗi. Allah ya yi albarka."

Na fito tsakar gida.
Inna Hakama na tankaɗe a gindin darbejiya,
ta dubi gorar, ta dubi takardar da mai ya ɓata,
ta dube ni.
"Me ya ce?"
Na ce, cewa ya yi ya yi daɗi.

Rariya ta tsaya a hannunta.
Gari na zuba kaɗan-kaɗan, shi kaɗai.

Can ta tashi, ta auno gero tiya guda,
ta wanke, ta rege tsakuwa, ta jiƙa,
ba ta juyo ba take magana:
"Jibi gasara za ta yi tsami.
Ka zo da ƙosai tun da asuba, na gidan Tabawa, masu zafi.
Zan cika kanumfari da gangan."